Na'urar Mama Ba Ta Daina Gwaji Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Na ɗauki hutu daga ɗakin gwaje-gwajenmu na asibiti, na zo na zauna da Baba kamar yadda muka yi da kai. Ya rame, amma ya koma kan kekensa na ɗinki, har ya yanka mini riga bai auna ni ba, wai ya san ni tun ina cikin tsumma. Na rubuto ne don akwai maganar da ba ta waya ba ce. Kunnen Baba garau yake, kai kuma ka iya yi wa mutum dariya.

Jiya na shiga ɗakin Mama in tattara kayanta. A aljihun teburin gefen gado na tarar da na'urar gwajin suga da na saya mata, wadda na kafa wa Baba dokar ya riƙa turo mini hoton lambarta kowace safiya. Na ce bari in ba maƙwabciyarmu mai irin ciwon. Na'urar tana ajiye kowane gwaji da ranarsa da lokacinsa, sai na danna don in goge. Yaya, gwajin ƙarshe ba na ranar da aka kai Mama asibiti ba ne. Na jiya ne, ƙarfe shida da minti goma na safe. Casa'in da huɗu.

Na ce agogonta ne ya rikice. Na haɗa da na wayata, daidai suke. Na yi ta dannawa baya, wata biyu cur, babu ranar da aka tsallake, har da washegarin ranar da muka rufe Mama.

Na tambayi Baba ko shi ke amfani da ita. Ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Ni lafiyata lau, me zan gwada? Ta mamanku ce, mayar mata inda take ajiyewa." Na mayar, na ja ƙofar.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fata jikin ƙaramar taku ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, kuma dariyar da na ce za ka yi ka yi ta. Wai na'ura ce ta lalace take ƙirga iska.

Ka bar ni da aikina. 'Yar takardar da ake cusa mata akwai magani a bakinta. In ɗigon jini ya taɓa shi, sai ya ci sugan da ke ciki, ya saki wata 'yar wuta da ba ta kai ta motsa gashi ba, ita na'urar ke aunawa ta fitar da lamba. In babu abin da ya shiga takardar, babu lamba. Kuma na leƙa kwandon shara na ɗakin, takardun na nan, kowacce da busasshen jini a baki.

Na ƙirga sabbin da suka rage a kwalba, goma sha ɗaya. Washegari goma. Ɗakina bango ɗaya ne da na Mama, kuma safiya uku ke nan ina jin ƙarar na'urar, ɗan kukan nan da take yi in ta gama ƙirga. Kafin kukan ina jin gadon ya motsa kamar an zauna a bakinsa. Ba zan ɓoye maka ba, na kasa tashi in duba. Ni da nake yini cikin jinin mutane, sai ga ni na ja bargo na rufe kai ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, lambar ta fara sauka. Shekara biyu ba ta bar casa'in da wani abu ba. Makon nan tamanin da ɗaya, saba'in, yau sittin da biyu. Sai nake jin kamar Mama ce ke ƙara nisa da mu kullum.

Baba ma ba daidai yake ba. Da hantsi yakan haɗa gumi, hannunsa na rawa, zare ya gagare shi shiga allura. Shekaranjiya ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko 'yar wane gida ce. Na ce kewar Mama ce, auren shekara arba'in da ɗaya ba wasa ba.

Ka sa mu a addu'a.

Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Ranar Talata na daure na tashi. Gari ya yi haske, ƙofar Mama a buɗe. Baba ne zaune a bakin gadon, ya gyara mata matashi, yana magana a hankali: "Kawo hannun. To, shi ke nan, bar kukan, na karɓar miki." Sai ya huda nasa yatsan, ya matso jinin a takardar. Hannunsa ya saba da abin fiye da nawa. Tabon da nake gani a kan yatsunsa, da nake cewa allurar ɗinki ce, ashe ba ita ba ce.

Na'urar ta yi kuka. Hamsin da ɗaya. Ina tsaye ya ɗaga rigarsa, ya zaro allurar insulin ɗin Mama, mai saukar da suga, da ta rage a firij, zai yi wa kansa. Ban san lokacin da na kama hannunsa ba, ya yi sanyi, ya jiƙe sharkaf. Na dama suga a ruwa na ɗura masa. Ni mai aikin asibiti, mako guda ina kallon gumin nan da rawar hannun nan ina kiran su kewa.

Da ya dawo hayyacinsa ya faɗa mini komai. Yatsun Mama sun gaji da huda, tana kuka duk safiya. Kuma tun da aka yanke ƙafar ƙanwarta take tsoron lamba mai yawa, don ta san zan ce a kwantar da ita. Ni kuma in shida da rabi ta yi ban ga hoto ba, sai in kira in yi ta faɗa. Wata safiya ya ba da nasa jinin, lamba ta fito da kyau, na tura masa yabo, kowa ya huta. Haka aka yi shekara biyu. Wannan lambar nake kai wa likita, shi kuma ya ce a bar maganinta yadda yake, alhali sugan na cin ta. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, Yaya, ba ta dai tambayar jinin wa aka ba ta. Ni ya kamata in tambaya, in zo in kama yatsun uwata in duba. Wannan zai bi ni har kabari.

Na ce to allurar da ya fara yi wa kansa kwanan nan fa? Ya ce, "Hudar na ɗauke mata, na bar ta da allura. Yanzu sai in cika."

Na kwashe insulin ɗin na kai asibiti, likita ya duba Baba, jiki ya daidaita. Sai na ɓoye na'urar. Washegari ya birkice gidan, ya zazzage firij, yana cewa ba a gwada Mama ba, ba a yi mata allura ba, zai je kantin magani ya sayo wata. Kuma na san zai iya, katin asibitin Mama na aljihunsa. Na fiddo na'urar na bi shi ɗakin. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Kawo hannun." Ba ni yake kallo ba, matashin yake kallo. Ni na miƙa masa nawa.

Casa'in da shida. Ya yi murmushin da rabona da shi tun Mama na raye, ya ce, "Kin gani? Yau ba ki yi kuka ba. Ba sai an yi allura ba." Ya tashi ya ci abinci, ya hau kekensa.

Na san abin da nake yi, kuma na san inda irinsa ya kai mu. Hutuna zai ƙare ran Litinin, kuma in na tafi babu hannun da zai kama sai nasa. Don Allah ka bar komai ka taho mu kai shi ga masu duba irin wannan ciwon na ƙwaƙwalwa. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun, yau yatsana na huɗu ke nan.

Taka,
Auta