Allon da Ya Ɗaure Ni

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu da tagwaye. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baban yara ta yi sauƙi, har ya jingine sanda ya koma yi mana faɗa a kan an bar fitila a kunne, ka ga lafiya ta samu ke nan. Gwaggo tana nan da ƙarfinta, kullum sai ta tambaye ni ko har yanzu ba ka yi ƙiba ba. Na ce mata wanda ya kai shekara arba'in yana nan kamar sandar rake ai sai a haƙura da shi.

Saƙonka ya iso. Na yi murna da jin ka buɗe shagon gyaran waya, Allah Ya sa albarka, Ya kawo kasuwa. Na kuma ji kukanka, cewa ku kusan ashirin ne a layi ɗaya, kowa da irin allon ɗan'uwansa, kana wuni kana korar ƙuda. Ka ce in faɗa maka sirrina, tunda mutane suna tsallake teloli bakwai su zo wurina. To Dogo, zan faɗa maka, amma ka karanta har ƙarshe, don na san halinka na ɗaukar rabin magana ka zura da gudu.

Lokacin da na kama shagon nan, ni ma allona cewa yake ana ɗinkin maza da mata da yara, ana aikin zare, ana komai da komai. Wanda ya ce yana yin komai, ba wanda zai tuna shi da komai. Wata rana wata mata ta shigo da rigar mijinta da dutsen guga ya ƙona, idonta ya yi ja, ta ce duk telolin layin sun ce sai dai faci. Na zaro zare daga cikin kalmasar rigar, na zauna na saƙe ramin da allura kamar yadda Inna ta koya mini, har ita kanta ta kasa gane wurin. Kafin sati ya zagayo ta turo mini mata uku. Nan na gane cewa abin da maƙwabtana suke raina, shi ne abincina. Na daina karɓar sabon ɗinki gaba ɗaya, na tsaya a kan yaga da ƙuna da cin asu. Kai ma ka duba layinku, akwai aikin da kowa ke yamutsa fuska yana korar mai shi, ko wayar da ta faɗa ruwa, ko ta tsofaffi da hotunan jikokinsu suka maƙale a ciki. Ka kama wannan ka riƙe, har a riƙa kwatance da kai.

Sannan ka bar yawan surutu a allo, mai wucewa ba karatun jarida ya fito yi ba. Kada ka biye wa masu karya farashi, wanda ya zo don araha gobe zai tafi don araha. In ka sa wa mutum rana ka cika, in kuwa ka ga ba za ta yiwu ba, ka riga shi kira, kada ka bari ya taso ya tarar da kai kana sosa ƙeya. Ni nakan ɗauki hoton rigar kafin gyara da bayan gyara in tura wa mai ita, ita ce za ta nuna wa ƙawayenta, talla ta tafi ba tare da na ɗaga murya ba. Kuma ka riƙe sunan mutane da na 'ya'yansu. Maƙwabcina mai sayar da maɓalli yana yi mini tsiya, wai ni ba tela ba ce, mai gaishe-gaishe ce, amma shi ma yanzu na ji yana tambayar mata ya mai jiki.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa a dangi ba. Da mai fenti ya zo sake mini allo, ya ce in ba shi magana ɗaya da ba wanda ke da ita a layin. Ni kuma da ɗagawar ƙuruciya na ce ya rubuta: “Da hannuna nake yi, ba na ba wa kowa.” Wallahi maganar nan ta yi mini aikin da ban zata ba. Mutane suka riƙa kawo abin da ba sa yarda kowa ya taɓa, mayafin uwa da ta rasu, rigar da aka ɗaura aure da ita. Shekara goma sha shida ina cika wannan alkawari, ban taɓa jin nauyinsa ba.

Dogo, hannuna ya fara rawa. In ka lura da rubutun nan ka gani. Bara ya soma, kaɗan-kaɗan, har ya kai ba na iya zura zare a allura. Likita ya ce magani zai rage, amma aiki mai laushi irin nawa in cire rai. Wata tara ke nan, duk wani gyara da ya fita daga shagon nan 'yarka Shiru-shiru, 'yar cikina, ita ce ta yi shi. Tana zaune a ƙuryar shago bayan labule, inda ba taga sai ƙwan fitila ɗaya, ni kuma ina gaba da tabarau da tsumma a cinya, allura a soke, kamar yanzu na ajiye aiki. In mutum ya shigo sai in danne hannuna a ƙarƙashin tsumman. Da farko na ce mata na sati biyu ne kafin in warke. Kuma gaskiyar da ke ƙona ni ita ce, hannunta ya fi nawa ko a lokacin da nake ganiyata.

Kwanan baya wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kawo rigar mahaifinsa da asu ya ci a kafaɗa. Ya ce saboda allon nan ya hau mota biyu ya zo, ya roƙe ni kada kowa ya taɓa ta sai ni. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai na ji kaina ina cewa kada ya damu. Kwana huɗu yarinyar nan ta yi a duƙe a kan rigar, har wuyanta ya sage. Da ya zo karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta a hasken ƙofa, sai hawaye. Ya tsaya ya yi ta sa wa hannuwana albarka, yana cewa Allah Ya ƙara musu ƙarfi, irin wannan aiki yaran yanzu ba za su taɓa iyawa ba. Ni kuwa ina ta amin, amin, ina jin numfashinta a bayan labule. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da ya fita ta fito, ba ta ɗaga murya ba, ka san ta. Ta ce ita ba ta ƙi taimakona ba har ƙarshen rayuwarta, amma shekararta ashirin da bakwai, ba wanda ya san ta iya riƙe allura, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ta ce wani babban shagon wanki da guga ya neme ta, za su ba ta teburinta a fili. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata: ko a sauke allon a cire labulen, ko ta tafi. Maimakon in rungume ta, sai na hau ta da faɗa, na ce ni na koya mata, da sunana take cin abinci. Bakina ya riga hankalina, kamar kullum.

To ka ga inda nake, gaba kura baya sayaki. In na sauke allon, dole a tambaye ni tun yaushe, kuma duk wanda ya miƙo mini kayan mamacinsa cikin wata taran nan zai san na dubi idonsa na yi masa ƙarya. A layin nan magana ba ta kwana. In na bar shi, ta tafi, shago ya mutu, in rasa 'ya in rasa sana'a. Sau biyu ina kiran mai fenti, sau biyu yana zuwa da tsaninsa in ce ya dawo wani lokaci. Baban yara ya ce in yi abin da ya dace, ya ja rediyonsa, kamar ban san abin da ya dace ba. Sani na sani, ƙarfin hali ne babu. Kowace safiya sai in tsaya a ƙarƙashin allon nan da mabuɗi a hannu, in ji kamar ɗaki aka kulle ni a ciki, kuma ni na kulle kaina. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.

Don haka ƙanena, ka fita daban, amma ka ɗora sunan shagonka a kan aikin, ba a kan jikinka ba. Kada ka rubuta abin da ciwo ko tsufa zai iya mayar da shi ƙarya. In ka samu mai taya ka, ka zaunar da shi inda za a gan shi tun ranar farko. Ni kuma ka taya ni da addu'a, in kana da shawara ka aiko da wuri, yau babba ce ke tambayar ƙarami.

Ka gaishe mini da amaryarmu da kyau, ka shafa mini kan tagwaye, ka miƙa gaisuwata ga Kawu mai mota in kun haɗu. Gwaggo da Baban yara suna gaishe ka. Na so in rubuta cewa Shiru-shiru ma tana gaishe ka, amma kwana shida ke nan daga ina kwana ba abin da ke haɗa mu, ba ta ba ni saƙo ba, ni kuma na gaji da yin magana a madadinta. Ka kira ta da kanka, ka tambaye ta aikinta, don Allah ka yaba mata.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka mai gyaran kaya