Ƙafafun Ilham

Aƙiƙ, Madina

Yaya Rilwanu,

Assalamu alaikum. Ina su Inna da yara? Ya aikin kamfanin abincin dabbobi?

Yaya, tsoro nake ji. Ilham ta shekara biyu, har yau ba ta taka ba. Ƙafafun sun lanƙwashe, in na tsayar da ita sai kuka. Haka wanta Yahya ya fara kafin tari ya ɗauke mana shi. Da rana tsaka ina wanke-wanke sai in ji jan gwiwa a kan tayil, in juya in ga Ilham tana barci. Wallahi jan gwiwar Yahya ne, ni na haife shi. Maƙwabta sun ce iska ce a ɗakin. An yi ruƙiyya, an shafa zamzam, shiru. Asibiti kuwa ba hali, iƙamarta, wato takardar zama a ƙasa, ba ta fito ba, babanta Zakiru ya ce ko ƙofa kada ta leƙa.

Ku sa mu a addu'a.
Ƙanwarka Tasallah

Kafanchan

Tasallah,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ki.

Ɗakin naku yana da taga? Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Cikin masu saye a wurinmu akwai masu kiwon alade. Duk wanda ya kulle 'ya'yan aladensa a ɗaki mai duhu, haka ƙafafunsu ke gwamewa, su riƙa jan ciki suna ihu. Shi ya sa muke zuba bitamin D a abincinsu, don ya maye musu hasken rana. Ƙashi ba ya ƙwari sai da shi, na dabba ko na mutum.

Ni ba likita ba ne. Amma ki fitar da yarinyar nan rana, kuma ki kai ta a duba ta, ko me Zakiru zai ce.

Allah ya ba ta lafiya.
Yayanki

Aƙiƙ

Yaya,

Salam. Haba Yaya! Ka rasa abin da za ka haɗa 'yata da shi sai alade? A garin Manzon Allah? Sai da na wanke hannu bayan na karanta. Kuma wace rana ce babu a Madina? Nan da takalmi ke narkewa a titi! In aka kama mu a kore mu, kai za ka ci da mu? Khalas, ya isa haka, kada ka ƙara.

Taga akwai. Mun liƙe ta da kwali tun zuwanmu, saboda idon mutane.

Sai wani jiƙon.
Tasallah

Aƙiƙ

Yaya Rilwanu,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini.

Na yage kwalin. Kullum da hantsi ina hawa da ita saman bene. Ranar farko ta rufe ido tana ihu, ba ta san mece ce rana ba. Na goya ta na kai ta wurin likita, ban gaya wa Zakiru ba sai da muka dawo. Maganin ɗigawa ta ba mu, da sunan nan da ka rubuta a jikin kwalbar. Jiya Ilham ta kama bango ta miƙe.

Jan gwiwar bai daina ba. Yanzu wajen tagar yake nufa. Yaya, Yahya bai taɓa fita ranar Madina ba sai ranar da aka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a.

A gaida Inna.
Tasallah