Ƙahon da Na Kafa wa Ɗana

Zuwa ga jami'in da ke kula da lafiyar jama'a a yankinmu na Anka, Gummi da Bukkuyum.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Garba, wanzami ne ni a Adabka, aska da zabira gadona ne tun kaka da kakanni. Ban zo da faɗa ba, kuka na kawo.

Na ji a rediyo ana cewa a birane masu amosanin jini, wato sikila, sun rage mutuwa, har suna girma su yi aure. Madalla. Mu dai nan labari muke ji.

Na farko. Ɗana Lawali shekararsa tara, da wannan ciwo aka haife shi. In ciwon ya taso sai ya riƙe gwiwa yana kuka, ni kuma in yi abin da na ga ubana yana yi: in tsaga wurin, in kafa ƙaho, in zuƙe abin da muke kira mataccen jini. Daminar bara na yi masa ƙaho huɗu a baya da ƙafafu. Washegari ya kasa tashi. Muka ɗora shi a kabu-kabu zuwa Gummi, ga laka, ga rafi ya kawo. Likita ya duba idonsa ya ga fari fat, ya ga tsagar, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Na ce ni ne, kuma ni ne ubansa. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi yaron jini ne ba shi da shi, ni kuwa na ɗebe ɗan abin da ya rage. Kafin a samu wanda jininsu ya zo ɗaya, Lawali ya cika.

Na biyu. Ina jin kuna tara malaman makaranta da limamai kuna yi musu bayanin ciwon nan da gwajin jini kafin aure. Abu ya yi kyau. Amma ranka shi daɗe, uwa in ɗanta ya kama kukan ƙashi, wurin wa take fara zuwa? Wurinmu. Shekara talatin ina wanzanci, ko sau ɗaya ba a taɓa kiran mu ba. Magana ɗaya tak da na ji a bakin likita, da na ji ta da wuri, da ban taɓa ɗana da aska ba.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Ina da ɗiya, shekararta biyar. Ajuji muke ce mata, don 'ya'yanmu biyu sun rasu kafin a haife ta, aka ce wabi ne. An gwada ta, ita ma tana da shi. Inna, mahaifiyata, har gobe ta yarda da ƙaho. In na hana, sai ta ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Abokan sana'ata ma haka suke gani, kuma ban ga laifinsu ba, jiya-jiya ni ma can nake.

Roƙona biyu ne. Ku kira Sarkin Aska na kowane gari da wanzamansa, likita ya gaya musu da bakinsa, don maganarku ta fi tawa nauyi. Sannan ku matso mana da gwaji da ƙarin jini kusa, hanyar Gummi ta yi wa marar jini nisa.

Duk ranar kasuwar Nasarawa Burkullu nakan kwashe ƙahonina kaf in zuba a zabira, ba na barin ko ɗaya a gida. Amma nawa kaɗai nake iya kwashewa. Akwai wasu wanzamai uku a garinmu, Inna ta san ƙofar kowannensu, kuma damina, lokacin da ciwon ya fi tasowa, ta kusa.

Allah shi taya ka riƙo, shi raya maka naka, shi sa takardar nan ta riga ciwon Ajuji isowa.

Wassalam.

Garba Wanzami, Adabka.