Gashin Ranar Suna

Tanut, Litinin 12 ga Nuwamba 1984, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a ɗakin awon jini.

Zuwa ga Raishatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da baƙuwarmu, da mahaifiyarki Gwaggo Asibi. Barka da sauka lafiya. Buba direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo mini albishir ran Asabar. Ba zan samu zuwa sunan ran Juma'a ba, domin ni kaɗai ne likita a nan, ga mutanen daji da fari ya koro sun cika bayan gari.

Akwai maganar da na so in ɓoye miki, na kasa. Kwana tara ke nan Yaya Balki ta kawo ɗanta Ilyasu, da zazzaɓi da maruru a wuya. Na ga gashinsa ya koɗe, sai na sa shi layin masu ciwon yunwa, ana ba shi madara. Ta ce mini, "Attahir, kai da takardarka, yaushe ka ga an kwana da yunwa a gidan Manzo?" Ban saurare ta ba. Kuskurena ne. Gashin yunwa ja yake yi, yana tugewa a hannu. Na Ilyasu launin toka ne mai sheƙi, kuma ba ya tugewa. Ba mu lura ba tun farko, don kullum kansa a aske yake.

Yau na duba jininsa a madubin likita ina neman cutar sauro. A cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙar cuta, na ga dunƙule-dunƙule manya inda ya kamata in ga ɗigo ƙanana. Na ƙirga ƙwaya ɗari, tamanin da uku haka suke. Na sake gilashi sau biyu.

Bari in gaya miki yadda aka koya mana. Kowace ƙwaya ta jikin mutum kamar tasha take. Ana ɗaure kaya a ƙunshi-ƙunshi, kowanne da inda za shi, kuma akwai mai rarrabawa. Masana na zaton wani furotin ne, amma ba wanda ya kama shi tukuna. Idan ya lalace, ƙunshin su haɗe su kumbura, ba su isa ko'ina. Baƙin launi ba ya shiga gashi daidai, dafin kashe cuta ba ya kaiwa ga cutar. Littafina ya kira ta Chediak-Higashi, layi goma sha ɗaya kawai aka ba ta. Ya ce yawancin yaran ba su kai shekara goma.

Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye take fita ga ɗa. Balki yayata ce, Manzo wanki ne. Na yi lissafi sau uku: ga 'yarmu, ɗaya cikin goma sha shida.

Ga roƙona. Idan wanzami ya aske ta ran suna, kada a binne gashin duka. Ki ɗebi kaɗan ki naɗe a takarda ki ba Buba. A madubi zan gane ko launin ya bazu daidai ko ya dunƙule.

Ki gaida Gwaggo. Allah Ya raya mana.

Mijinki,
Attahir

Tanut, Laraba 21 ga Nuwamba 1984, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe.

Raishatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jego, yaya Hadiza? Allah Ya sa mai albarka ce. Ilyasu ya ɗan samu sauƙi da allurar penisilin, zazzaɓin ya sauka jiya, amma saifarsa ta kumbura yatsa uku ƙasa da haƙarƙari.

Ƙunshin gashin ya iso da ƙarfe tara. Baƙi ƙirin ne, har na yi sujada a nan ƙasan ɗakin awo, mai shara na kallona. Sannan na ɗora shi a gilashi.

Raishatu, wannan ba gashin mutum ba ne. A gashin mutum, bargon da ke tsakiya siriri ne, a na jariri ma sau da yawa babu shi. Wannan bargonsa ya wuce rabin kaurinsa. Na fita na tsige na ɗan akuyar maƙwabta na jera su. Iri ɗaya ne.

Na tsare Buba. Ya ce ba ke kika ba shi ba, Gwaggo ce ta fito da shi, tana cewa, "Ungo, kai wa ɗan boko ya leƙa. Gashin jikata ba zai hau kamyo ya bi hannun duniya ba." Ya ƙara da cewa bai ga kan yarinyar ba, da hula aka nuna masa ita.

Na san tsoron Gwaggo. Da gashi ake yi wa mutum sammu, haka ta tashi ta ji, kuma ban ga laifinta ba. Idan wannan ne dalilin, dariya za mu yi nan gaba. Amma ita ta riƙe kan Ilyasu ranar nasa askin, ita ta riƙe na wansa Mamman da ya rasu yana shekara uku. Idan akwai idon da zai gane wannan launi a garinku Belbeji, nata ne.

Na nemi izinin kwana biyu, an ba ni. Zan zo ran Juma'a da gilashi huɗu da allura. Ɗigo ɗaya zan ɗauka a dugadugin Hadiza. Ki shirya Gwaggo da lallashi, kada ki ce mata na gane akuyar.

Kafin nan, ga abin da ban sani ba. Ban san ko ni ina ɗauke da ita ba, ko ke, kuma babu awon da zai faɗa mana. Ban san mene ne ya kashe Mamman ba. Ban san yadda zan gaya wa Yaya Balki abin da littafin ya ce ba. Ban san dalilin Gwaggo ba. Ban san launin gashin 'yata ba, ke kuwa kin sani, kin gan shi kwana bakwai kafin aska ta taɓa shi.

Kada ki rubuto. Wasiƙarki ba za ta riga ni ba.

Allah Ya tsare mini ku.

Mijinki,
Attahir