Wurin da Na Share a Gefen Asabe

Alhamis da dare, 9 ga Sha'aban

Ƙafafuna suna zugi, amma ba su suka hana ni barci ba. Yau na dogara sandata daga Kumbiya-Kumbiya har maƙabarta don in yi wa matata Asabe addu'a, sai na tarar an binne wani a gefenta. Shekara tara ina cire ciyawar wurin da hannuna, ina cewa nan za a sa ni.

Mai gadi ya tura ni wajen wani ma'aikacin hukuma. Ko gaisuwa babu, ya ce, "Baba, wurin congested ne, wato ya cika. An yanki sabon fili a bayan gari."

Wai ni zai yi wa fassara. Na koyar da kalmar nan a aji tun ubansa bai fara sa wando ba, kuma a kan kasuwa da jirgin ƙasa muke faɗarta. Tun da kuɗin mai ya shigo, Gombe ta cika har ƙarƙashin ƙasa.

Ko sunan mamacin ban sani ba. Raina a ɓace na tsuguna na yi masa addu'a shi ma, tunda yanzu shi ne maƙwabcinta.