Awa Guda Zuwa Yola

Zuwa ga Zulaihatu, sanyin idona, inuwar tsamiya a tsakar rana, ruwan farko a kan shukata,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cikin alhini cewa yajin da kika daka mini ya ƙare jiya da azahar. Na kankare gwangwanin da cokali, na kife shi, na karɓi ta'aziyyar kaina.

Kin tuna ranar da surukinmu ya aiko da tikitin jirgi ki je Yola zaman jegon 'yarmu Tahira? Kika tsaya a zaure da akwatinki, kika ce mu yafi juna kamar yadda masu tafiya suke yi. Ni kuwa, tsohon malamin labarin ƙasa, sai na gyara tabarau na ɗora miki lacca: Kano zuwa Yola kilomita ɗari biyar ne da ɗoriya, jirgi awa guda da 'yan mintuna yake yi, kafin adaidaita ya fita da ni daga cunkoson Kurna kin sauka. Wa yake neman gafara don zai je Kurna? Na ce miki sai an jima, kamar mai shiga maƙwabta aron turmi.

Sai kika gyara mayafi kika shiga mota. An yi suna, an yi arba'in, har yau kin ƙi sa ranar dawowa. In na kira, sai ki kara wa jaririya wayar ta yi mini numfashi.

Wayyo Zulai, tauraruwar asubahina! Duk jirgin da ya ratsa saman gonarmu sai na saki fartanya na ɗaga kai, har maƙwabcinmu Iliyasu yana tambaya ko duban wata na koma da rana tsaka. Gero ya fitar da kai, tsuntsaye suna ta biki, mai gona yana kallon sama. Wace irin awa ce wannan da ta cinye damina? Wane jirgi ne ya san nisan da ke tsakanin tabarmata da kujerarki ta tsakar gida?

Shekaranjiya na buɗe littafin fiƙihu, babin sallar ƙasaru, ina neman hujja a kanki. Ashe malamai da nisan ƙasa suke auna tafiya, ba da saurin abin hawa ba! Ko walƙiya kika hau, tafiya kika yi, kin cancanci rakiya da addu'a da yafiya. Littafina, a ɗakina, ya bi bayanki.

Ki dawo, don Allah. Zan tare ki a filin jirgi da sabuwar hula, in riƙe miki akwati a gaban kowa, ba kuma zan ambaci kilomita ba. Zuciyata taki ce har ranar da za a ɗauke ni tafiyar da ba tikitin dawowa.

Naki, jiya da yau da gobe,
Sama'ilu, Ungogo

Yola da nisa, Zulai. Ni na yi kuskure. Ki yafe ni.