Muryar Yayan Matata Ta Gagari Kwamfuta

Malam Sharafaddeen, ka taimake ni kafin aurena ya girgiza. Ina da ƙaramin sutudiyon ɗaukar waƙa a unguwar Kongo-Rasha, nan Jos. Yayan matata, Yaya Badruddeen, tela ne a Gangare, shi ya tsaya min har na samu aurenta. Yanzu ya ƙudurta zai rera waƙar bikin autarsu Ummusalma. Ya kawo min sidin wani mawaƙi mai zaƙin murya, ya ce in mayar da tasa haka, tunda an ce kwamfuta na iya komai.

Akwai manhajojin ikwalaiza da ke auna sautin wata waƙa su ɗora wa taka. Biyu na gwada. Ta farko ta kwafe komai, zanen muryoyin biyu ya hau juna daram a allo, amma da na kunna sai ka ce saniyar gidan gonar Vom ce ta faɗa rijiya. Ta biyu tana da maɓallin rage kwafin, ta fi taushi, sai dai ta fito da muryarsa ta hanci fili. Abokin aikina Dantong ya rantse ta biyun ta fi, ni kuma na kafe kan ta farko saboda zanenta, har mun daina cin abinci tare. Yaya kuwa kullum yana zuwa da sabon ɗinki, yana sauraro ido rufe. Matata ta ce in ya ji kunya a bikin, ni na ja. Wacce zan ɗauka?

Mai Ciwon Kunne, Jos

Mai Ciwon Kunne, Dantong ya fi ka gaskiya, je ku ci abinci. Ɗauki ta biyun, ka rage kwafin ƙasa da rabi, sauran ka gyara da kunnenka. Zanen allo ba ya zuwa biki.

Amma ka sani, ikwalaiza launin sauti take kwafa, ba ta koya wa mutum waƙa. Kai ma ɓuya kake yi a bayan kwamfuta don kar ka faɗa wa surukinka gaskiya. Shi kuma ba mawaƙi yake son zama ba, ƙanwarsa yake son karramawa, wannan kuwa ba abin dariya ba ne.

Saboda haka sauke masa kiɗan daidai maƙogwaronsa, ka samo 'yan amshi masu ƙarfi su ɗauki waƙar, shi ya riƙa jefa sunayen dangi da addu'a da muryarsa ta ainihi. Ita ce muryar da Ummusalma ta sani tun tana goye, ita za ta sa ta kuka.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya bar ku tare.